Zaman ƙungiya yana raba mutum da giya? Amsa ga wata yaya daga cikin birni

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ne ya kamu da shan giya, yau kusan shekara bakwai. Magidanci ne, da mata da 'ya'ya biyu, yana kuma da sana'arsa. An yi masa ruƙiyya, an ba shi rubutu, ya dafa Alƙur'ani a gaban Mama ya rantse, amma ko wata biyu ba a yi ba ya koma. Wani ɗan'uwanmu da ke Ingila ya ce a can akwai ƙungiyoyin da mashaya ke haɗuwa su yi ta hira har su daina. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Yaya za a yi mashayi ya gyara mashayi? Da gaske abin yana aiki a duniya, ko dai labarin Turawa ne? Kuma zai yiwu a nan Kano, inda ko maƙwabci ba ma so ya ji?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya bar zumunci, shi kuma Allah Ya yaye masa. Tambayarki uku ce a dunƙule: ko zaman da mashaya ke yi da junansu yana raba mutum da kwalba, ko an gwada shi a wajen ƙasashen Turawa an ga amfani, sannan ko zai zauna a gari irin namu. Aikina kula da masu shaye-shaye ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a nan Kano, don haka zan haɗa miki abin da bincike ya tabbatar da abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya. Amsar a gajarce ita ce yana aiki, amma ba ga kowa ba, kuma ba da shi ake farawa ba ga wanda ya shekara bakwai yana sha.

Inda abin ya faro

Ga dukkan alamu ɗan'uwan naku Alcoholics Anonymous yake nufi, wadda aka fi sani da AA. A 1935 aka kafa ta a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka. Wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda ya yi 'yan watanni da barin giya, ya je garin neman kasuwa, kasuwar ta watse, ya ji zuciyarsa na jan sa zuwa mashaya. Maimakon ya shiga, sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayin da zai yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Abin da suka gano tsakaninsu shi ne, wanda ke ƙoƙarin riƙe wani, shi ma riƙe kansa yake yi. Yau ƙungiyar tana da mambobi wajen miliyan 2 a ƙasashe kusan 180.

Tsarin ba shi da wuya. Ana haɗuwa kamar awa guda, ba kuɗin shiga, ba rajista, ba likita a kan kujera. Kowa sunansa na farko kawai yake faɗa, abin da aka ji a ɗakin kuma a nan ake barinsa. Sabon shiga yakan zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya zama mai riƙe da hannunsa, wanda zai iya kira ko da tsakar dare in sha'awar ta taso. Akwai matakai 12 da suke bi: mutum ya yarda abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji, ya yi wa kansa hisabi, ya nemi yafiyar waɗanda ya cuta ya biya haƙƙinsu, daga ƙarshe shi ma ya tallafi na baya. Kuma ba sa cewa "na daina har abada". Yau kawai ake yi wa alkawari, gobe in ta zo a sake.

Abin da bincike ya nuna

An daɗe ana gardama a kan AA, kuma masu shakka suna da hujja. In kin shiga ɗakin taro kin tarar da mutum ashirin da suka shekara ba su sha ba, ba ki ga ɗimbin da suka zo sau biyu suka ɓace ba. Ƙila waɗanda suka tsaya dama masu niyya ne, ko da ƙungiya ko babu za su daina. Saboda irin wannan ne cibiyar Cochrane, wadda aikinta tattara binciken likitanci ta tace shi, ta ce a 2006 babu gamsasshiyar shaidar cewa AA ta fi sauran hanyoyi.

A 2020 aka sake zama, wannan karon da bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565. John Kelly na Jami'ar Harvard da Keith Humphreys na Stanford da Marica Ferri ne suka yi aikin. A yawancin binciken ƙuri'a aka yi wajen raba marasa lafiya: wasu aka ba su shawarar ƙwararru irin ta gyaran tunani da ɗabi'a, wasu kuma ma'aikacin lafiya ya bi da su daki-daki har ya shigar da su AA. Ƙuri'ar ce ta kashe waccan hujja ta niyya, tunda ba mutum ne ya zaɓar wa kansa ɓangare ba. Bayan shekara guda, kashi 42 cikin 100 na waɗanda aka shigar AA ba su ɗanɗana ba ko sau ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 35. A sauran ma'aunai, kamar yawan abin da mutum ke sha in ya koma, sun yi kunnen doki. Wajen kuɗin asibiti kuwa ɓangaren AA ya fi sauƙi.

Ki dubi lissafin ta fuska biyu. Hirar kyauta tsakanin mashaya ta kamo aikin ƙwararrun da ake biya, har ta ɗan wuce shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma fiye da rabi sun sake sha a cikin shekarar. Duk wanda ya ce miki yana da hanyar da ke warkar da tara cikin goma, ki riƙe jakarki da kyau.

Wani bincike da ya fi burge ni shi ne na Rudolf Moos da Bernice Moos, da suka bi wasu mashaya a Kalifoniya har shekara 16. Waɗanda suka halarci zama na mako 27 ko fiye a shekarar farko, su ne aka tarar sun fi zama lafiya bayan shekara 16 ɗin. Ke nan abin kamar maganin hawan jini ne, amfaninsa yana ga ɗorewa a kansa. Shawarar asibiti takan ƙare cikin wata uku, ƙungiya kuwa tana nan shekara da shekaru, kuma ita jarabar giya ba ta san wata uku ba.

Yaya mashayi zai gyara mashayi

Nan ne zuciyar tambayarki. Da masu bincike suka tona don su ga mene ne takamaimai ke aiki a cikin AA, abin da ya fi fitowa fili shi ne sauyin abokan zama, sai ƙaruwar yardar mutum cewa zai iya wuce wurin da ake sha bai sha ba. Ɓangaren ibada yana da tasiri, musamman ga waɗanda abin ya yi wa mugun kamu, amma an ga waɗanda ba su yarda da addini ba ma suna amfana in sun lizimci zuwa.

Ki ɗauki ƙanenki. Giya ba kwalba ce kawai a wurinsa ba. Tana da lokaci, wataƙila bayan an tashi daga kasuwa. Tana da wuri. Tana da mutanen da ke dariya da barkwancinsa, ba sa tambayarsa kuɗin makarantar yara. Ranar da ya rantse a gaban Mama, kwalbar aka ɗauke, aka bar masa awa huɗu na kowane dare babu abin yi, ga waya cike da lambobin waɗancan mutanen, ga gida kowa na shinshinar bakinsa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kowa ya san wannan. Abin da muke mantawa shi ne ba a raba mutum da majalisa sai an ba shi wata.

Sannan akwai batun ƙarya. Ni in ya ce mini kwalba biyu yake sha, biyu zan rubuta, ko da raina bai ba ni ba. Mama zai yi mata kuka ta yafe. A gaban malam zai sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu. Amma in ya ce biyu a gaban mutanen da suka taɓa ɓoye giyar leda a cikin safa, suka tauna goro da cingam kafin su shiga gida, dariya za su yi masa, dariyar da babu wulaƙanci a cikinta, domin duk sun taɓa faɗin biyun. Na sha ganin magidancin da ya yi watanni yana zagaye-zagaye da ni, ya zauna da irinsa sau ɗaya ya fasa ƙwai. Wannan abu ne da ni da takarduna ba zan iya ba shi ba.

Yadda kowace ƙasa ta ɗinka shi daidai jikinta

Inda abin ya kafu a wajen Amurka, ba haɗiye shi aka yi yadda ya zo ba. A Japan akwai Danshukai, wadda ta faro a Kochi a 1958. Sun ɗauki zaman ba da labari, suka yi watsi da ɓoye suna da batun miƙa kai ga Ubangiji, suka shigo da iyali: matar mutum tana zaune a wurin, ita ma ta faɗi abin da ta gani. A Zagreb, babban birnin Kuroshiya, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Vladimir Hudolin ya kafa kulob-kulob a 1964 bisa fahimtar cewa gidan ne gaba ɗaya ba shi da lafiya, don haka iyalai kaɗan ke haɗuwa duk mako. Tsarin ya shiga Italiya a 1979 ya bazu. A Amurkar kanta, waɗanda zancen "ya fi ƙarfina" bai yi musu ba sun kafa SMART Recovery a 1994, mai koyar da dabarun sarrafa sha'awa, mata kuma suna da Women for Sobriety tun 1975. Binciken da aka yi a kan waɗannan bai kai na AA yawa ba, amma abin da ke akwai yana nuna cewa yawan zuwa da shiga cikin hidimar ƙungiya ya fi sunan ƙungiyar muhimmanci.

Kin ce ko labarin Turawa ne. Gaskiya AA daga cikin wata tafiya ta Kiristoci ta tsiro, ana kiranta Oxford Group, kuma har yau tarurruka da yawa a ɗakunan coci ake yin su. Shi ya sa wasu Musulmin Amurka suka kafa Millati Islami a Baltimore a 1989, suka sake rubuta matakan da tauhidi da tuba da ayoyi. Misalin da ya fi kama da halinmu kuwa Iran ce, kuma batun doka nake, ba aƙida ba. Giya haramun ce a can, da bulala a kanta. Duk da haka ƙungiyar masu barin ƙwaya, Narcotics Anonymous, ta kafu a ƙasar tun shekarun 1990 har ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, a 2015 kuma ma'aikatar lafiyarsu ta sanar da shirin buɗe cibiyoyi 150 na kula da masu shan giya. Haramci bai hana su yarda cewa akwai marasa lafiya ba.

Akwai kuma inda abin ya lalace. A Meziko AA tana da ƙarfi sosai, amma a gefenta gidajen kulle mashaya sun tsiro suna fakewa da sunanta, ana duka ana ɗauri. Mu ma mun san irinsu. Kin tuna 2019, da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, wasu da mari a ƙafa, daga nan aka bi irin gidajen a Katsina da nan Kano. In wani a dangi ya kawo shawarar gidan mari, ki tsaya kai da fata. Zaman da aka kulle mutum a ciki ba ƙungiyar tallafi ba ce.

To, a Kano fa?

Dole in faɗa miki iyakar shaidar da na kawo: mafi yawan binciken nan a Amurka aka yi shi, a kan mutanen da shan giya ba laifi ba ne a garinsu. Ba zan ɗauki kashi 42 in ɗora wa Fagge ko Gwale ba.

Mu a nan tun 2000 ake aiki da dokar shari'a, Hisba tana fasa kwalabe a bainar jama'a, mai sha kuma ya koma ɓoye: lungunan Sabon Gari, ɗakin otal, 'yar leda a aljihu. Amma ba bulala ce ta fi tsorata majinyatana ba. Binciken aure ne. Mutum yana tunanin ranar da za a zo neman 'yarsa a ce ai ubanta mashayi ne. Kuma ɓoye suna na AA ba ya aiki yadda ya kamata a garin da in ka ce sunanka wane, wani zai ce ba kai ne ɗan gidan Alhaji wane na Kwari ba? Saboda haka ƙungiyar da za ta rayu a Kano, a ganina, ƙarama ce, a ƙarƙashin inuwar asibiti, inda mutum zai iya cewa ganin likita ya je kuma bai yi ƙarya ba. Maza daban, mata daban. Ba a haɗa yaro da ubangidansa, ko suruki da suruki.

Abin da na ga yana kashe irin wannan zama guda biyu ne. Na farko fitar sirri: magana ɗaya ta fita, an watse ke nan. Na biyu wa'azi. Da zarar wani ya miƙe ya fara jero musu hukuncin mashayi, kowa zai yi shiru ya ce haka ne, mako mai zuwa kujeru ne za su zo. Ba wai ba sa son addini ba ne. Sun san hukuncin tun suna allo, ba jahilci ne ya kai su ba. Na fi ganin amfanin malamin da ke tuna musu cewa a mataki-mataki aka haramta giya, daga aya ta 219 ta Baƙara zuwa ta 43 ta Nisa'i zuwa ta 90 ta Ma'ida, da kuma sahabin nan da ake ta kawowa saboda sha, wani ya tsine masa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Wasu kan ji tsoron cewa ba da labari a zaman tona asirin da Allah Ya rufa ne. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma malaman da na tattauna da su sun bambanta mai alfahari da saɓo da mai faɗa don neman magani.

Tun lokacin korona a 2020 tarurrukan AA da yawa suka koma intanet, kuma suna nan har yanzu, dare da rana. In ƙanenki yana jin Turanci, zai iya shiga ta waya, ba hoto, ya saurara kawai. Bai kai zaman ido da ido ba, amma ga mai tsoron a gan shi, mafari ne mai kyau. Ɗan'uwanku na Ingila zai iya nemo masa.

Abin da ya kamata ya riga ƙungiya

Hajiya, ki karanta wannan sashe da kyau. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya tsaya farat ɗaya zai iya mutuwa. Cikin awa 6 zuwa 24 hannu kan fara karkarwa, ga gumi, ga amai, ga rashin barci. A kwana na ɗaya zuwa na biyu wasu kan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu kan rikice, su riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango, zuciya na bugu, jiki ya yi zafi. A gidajenmu nan take ake cewa iska ce, a kira mai ruƙiyya, alhali asibiti yake buƙata a daren. Nakan ga irin wannan a kwanakin farko na azumi, lokacin da masu sha da yawa ke ajiyewa gaba ɗaya don girman watan.

Saboda haka matakin farko shi ne likita, a sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin hauka. Za a janye shi daga giyar da magani na 'yan kwanaki a ƙarƙashin kulawa, a ba shi bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, a duba hanta. Kada a sayo masa diyazifam a kemis a ce za a yi a gida, wannan musanya jaraba ce da wata. Akwai kuma magungunan rage sha'awar giya, irin su naltirekson, da likita zai duba ko sun dace da shi. A nan ne za ku tambaya ko suna da zaman rukuni na majinyata, ko za su haɗa shi da wani da ya riga shi dainawa. Ko mutum ɗaya aka samu, an fara. Kuma in a ƙarƙashin shan akwai ciwon damuwa, ko yana haɗawa da tiramol ko kodin, hira kaɗai ba za ta ɗauke wannan ba.

Ku kuma a gida, shawarata a daina sa shi dafa Alƙur'ani. Duk rantsuwar da ya karya, bayan kaffarar da ta hau kansa, ƙara masa jin cewa shi ɓatacce ne take yi, wannan jin kuma da giya yake kashe shi. A daina biya masa bashin mashaya, a daina yi masa ƙarya a wurin abokan kasuwa. Matarsa tana buƙatar wanda za ta yi magana da shi ita ma. Don irinta aka kafa Al-Anon, ta iyalan mashaya, tun 1951, kuma ke za ki iya zama mata wannan kunnen. In yana dukanta ko yana tuƙi da yara a buge, wannan ba ya jiran ya warke, manya su shiga yau.

In ya fara ya sake zamewa, abin da zai iya faruwa, kada a kira taron dangi. A mayar da shi wurin likita da wurin zaman washegari, a tambaye shi ƙarfe nawa abin ya faru, da wa yake tare, nawa ne a aljihunsa. Amsoshin nan su ake gyarawa.

Ban ga ƙanenki ba, daga wasiƙa kuma ba zan iya auna zurfin kamun ba. Ranar da za ku je asibiti, ku tafi da amsar waɗannan: me yake sha kuma nawa a rana, yaushe ya sha na ƙarshe, ko hannunsa na rawa da safe kafin ya sha, ko ya taɓa faɗuwa yana jijjiga, ko idonsa ya taɓa yin rawaya ko ya yi aman jini, da duk wata ƙwaya da yake haɗawa da ita. In ya ƙi zuwa, ke da matarsa ku fara zuwa ku kaɗai, ana karɓar iyali.